Yadda Talotalo Ya Warware Mini Bargo

Merle Tackett, mijin jikata Lorna, mutum ne da Allah ya cika masa baki ya rage masa a hannu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Yana sara mini itace ba sai na roƙa ba, ko da yake rannan har da wanda nake ɗaura wa igiyar shanya ya haɗa. Amma in ka ji shi yana ba da labarin farauta a shagon abincin dabbobi na garinmu, sai ka rantse namun dajin tsaunukanmu na Ozark layi suke yi suna jiran ya zaɓa.

Akwai wani tsohon toron talotalo a kwarin da ke bayan gidana. Alƙali muke ce masa, saboda yadda yake kumbura yana taku kamar zai yanke wa duniya hukunci, gemun ƙirjinsa yana sharar ƙasa. Maƙwabcina Eldon Pruitt shekara huɗu yana binsa da bindiga, ko gashinsa ɗaya bai kawo gida ba. To bana da aka buɗe farauta a watan Afrilu, muna zaune ranar Lahadi muna cin wake da burodin masara, ga Eldon ga matarsa Nadine, sai Merle ya ture faranti ya ce shi ne zai ɗauko Alƙali.

"Da wace bindigar?" in ji Eldon.

"Bindiga ai ta tsofaffi ce da masu ciwon ido. Da baka zan ɗauko shi, Baba Eldon. Kibiya ɗaya. Ta biyun ma ba zan ɗauka ba, nauyi ne kawai."

Eldon ya ce, "Yaro, wurin da ake soka a jikin talotalo bai fi lemo girma ba. Sauran duk gashi ne da iska."

"Kamar wani da na sani," in ji Nadine, tana miƙa masa man shanu.

Eldon dai mutumin kirki ne, har ya ce zai ara masa ɗan kwarkwaron zaren nan da maharba ke ɗaurawa a jikin baka, bakin zaren a maƙale da kibiya, don in tsuntsu ya gudu da rauni a bi zaren a same shi. Merle ya yi dariya har da buga tebur.

"Wannan abin kamar yanar gizo? Wa zai gan shi a cikin ciyawa? Ni ina da tawa dabarar. In na fito da ita, masu shagon ma sai sun zo koyo."

Na ce masa, "Ɗan nan, dabararka taka ce, amma gonata tawa ce. Dokar mijina marigayi Virgil tana nan. Abin da ka ji wa rauni sai ka nemo shi, ba a bar wa karnukan daji su ƙarasa shi da rai. Kuma in ka harba ya gudu, zama ake yi. Virgil sai ya sha lofe guda ya kakkaɓe kafin ya tashi. Tsuntsu mai ciwo in ba a kore shi ba, sarƙaƙiyar farko zai shiga ya kwanta."

"Kaka, wanda na harba ba ya gudu. Taku goma, ya faɗi."

Sai in gaya muku zancen bargon. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan, ni nake saƙa masa bargon da za a naɗe shi a kai shi coci a sa masa albarka. Goma sha ɗaya na yi. Na Della, 'yar Lorna da Merle, shi ne na sha biyu, kuma na san shi ne na ƙarshe, don yatsuna sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, kwarashi ma sai na ɗaura masa tsumma nake iya riƙe shi. Tun Janairu nake kansa, layi biyu a yini, ranar da aka yi ruwa ko ɗaya ba na iyawa. Na fara da ulu rawaya, na shiga kore, na ƙarasa da fari. Baki kawai ya rage in yi masa, ga ranar sa albarka saura kwana takwas.

Ranar Asabar da hantsi bai gama ɗagawa ba, na fito baranda da kofina, na yafa tsohuwar kwat ɗin Virgil, na zauna a kujerata mai lilo. Na miƙa hannu cikin kwandon saƙa, sai na ji kwarashi kawai da almakashi. Ina cikin lalube ina zargin kyanwa, sai na ji Alƙali ya yi guɗarsa daga kwari. Jim kaɗan na ji ihun mutum.

"Na same shi! Na same shi!"

Ya same shi kam. Sai ga Alƙali ya ɓullo ta bayan rumbu, rabi gudu rabi tashi, kibiya tana lilo a cinyarsa, ya ratsa tsakar gidana ya watsa mini kaji ya bi ta ƙarƙashin shinge. A bayansa kuwa wani farin zare ne yake bin ƙasa, sumul, yana tafiya kamar maciji.

Na ce a raina, wannan farin na san shi. Ban gama faɗa ba farin ya ƙare, kore ya biyo. Ina zaune da kofi a hannu, watan Afrilu ya wuce ta gabana, ga Maris yana bin sa.

Can sai ga Merle, cikin kayan nan masu zanen ganye, fuska shafe da baƙi da kore kamar gindin tukunya, baka a hannu ɗaya, bargon Della a ɗaya hannun yana ta raguwa, firr, firr.

"Merle! Mene ne wannan a hannunka?"

"Kaka, kin ga yadda yake warwarewa? Ko sarƙewa ba ya yi! Jiya na gwada, ya fi na shago sau goma!"

"Bargon 'yarka ne, shashasha!"

"Layi biyu kawai na yi lissafin zai ci, in mayar kafin ki tashi. Iska ce ta cuce ni!"

"Tsaya in yanke zaren. Ka zauna, ka bar shi ya kwanta!"

"In zauna? Gemu taki guda yana tafiya da ƙafa, in zauna?"

Kafin in saukar da ƙafata daga matakala ta farko da almakashi, ya haura shinge. Ko in ce rabinsa ya haura. Wayar ƙaya ta riƙe masa bayan wando, ya ja ta ja, daga ƙarshe suka raba, ya tafi da gaba ya bar mata baya.

Na ɗauki sandata na bi zaren. A bakin hanya na iske Eldon a cikin a-kori-kurarsa, ya tsaya cak yana kallon koren zare yana tsallaka titi a gabansa. Nadine na gefensa da tukunyar soyayyar kaza a cinya, don ranar ce ake sharar maƙabartar coci, kowa yana kai abinci.

"Goggo Opal," in ji Eldon, "ko dai idona ne, ko na ga Alƙali ya wuce yana saƙa?"

"Buɗe mini ƙofa."

Nadine ta leƙo ta dubi zaren, ta dube ni. Ita ce ta raka ni sayen ulun. Ta matsa mini wuri.

Eldon yana tuƙi a hankali yana girgiza kai. "Ulu ya ɗaura wa kibiya? Ai nauyinsa kaɗai zai ja ta ƙasa. Shi ya sa ya samu cinya. Yaron da ke harbin gwangwani ma ya san wannan."

"Iska ce," na ce masa. "Haka masanin ya faɗa."

A kwanar gidan su Eldon, zaren ya zagaya jikin sandar akwatin wasiƙa ya yi gabas ta makiyaya. Shi kuwa Merle, da yake hikima ta yi masa yawa, sai ya yanke shawarar zai tari tsuntsun ta gaba, ya yi arewa a guje. Kun ga ke nan yanzu su biyu ke aikin, talotalo yana ja ta can, uban jaririya yana ja ta nan. Abin da na yi mako uku ina saƙawa suka gama da shi kafin Nadine ta sauke gilashin mota.

"Merle!" ta ƙwala masa kira. "Kai ne kake warware shi yanzu!"

"Na san abin da nake yi, Goggo Nadine!"

"Ai ko wandonka ya shaida!"

Muka iske shi a tsakiyar makiyaya ya durƙusa a bayan wata saniya, ya sa ɗan abin kiran tsuntsun nan na maharba a baki yana kukan macen talotalo, kyau, kyau, kyau. Shanun Eldon sun kewaye shi suna kallo, har ɗan maraƙi yana tauna bakin bargon.

Eldon ya ce, "Me kake yi kuma?"

Ya ciro abin daga baki ya yi raɗa. "Kiran sa nake. In ya ji mace zai juyo."

Na ce, "Wanda ka soka wa kibiya a cinya, zance ne ya dame shi yanzu? Kai in aka soke ka, kwalliya za ka yi?"

Da Allah ya taimake mu zaren ya tsaya. Ba ya motsi ko kaɗan. Alƙali ya gaji ya shige wata 'yar sarƙaƙiya a bakin rafi ya kwanta, kamar dai yadda Virgil yake faɗa. Na dubi abin da ya rage a hannun Merle, kore saura kamar faɗin tafin hannu, rawaya duk tana nan. Da an tsaya a nan, da na gode wa Allah.

"Miƙo bargon," na ce. "Sa'an nan ka zauna a kan dutsen can, ka rufe bakinka rabin awa. Na san bai taɓa faruwa ba, amma gwada."

"Kaka, yanzu ne lokacin! Ya raunana!"

Ya zabura da gudu yana ihu kamar mai korar ɓarawo. Alƙali ya ji tafiyar doki na zuwa, ya fasa sarƙaƙiya, ya tattara sauran ƙarfinsa ya tashi sama ya haye rafin. Merle ya bi shi, shi ma a tunaninsa zai haye. Ruwan bai fi gwiwa ba, amma ya samu hanyar jiƙewa har kunne. Ya ɗaga bargon sama don kada ya jiƙe, a nan kam na yaba masa, sai dai a saman ne rawaya ta fara fita.

Janairu ke nan. Watan da na fara, lokacin Della tana ciki ba mu ma san mace ce ba. Nadine ta dafa mini gwiwa, Eldon ya taka mota muka zagaya ta gada.

A hayin rafin cocinmu yake, maƙabarta a bayansa. Mutum ya fi talatin a wurin, da manjagara da fartanya, mata suna jera abinci a dogon tebur a ƙarƙashin itace. Muka iske kowa ya daina aiki. Zaren ya shiga tsakanin kaburbura ya fita, ya naɗe dutsen kabarin surukata sau biyu, ya bi ta ƙarƙashin tebur, ya harɗe ƙafar Fasto Hobbs, wanda muka samu zaune a ƙasa da cokalin salak a hannu yana duban sama kamar mai jiran bayani. Daga nan farin zaren ya shige cikin tarin rassan da aka sare aka tara a jikin katanga.

Sai ga Merle ya hauro, ruwa na zuba, takalmi ɗaya, bayan wando babu. Ya ɗaga hannu kamar mai ba sojoji umarni.

"Kowa ya ja baya! Tsuntsu mai rauni haɗari ne ga wanda bai san kansa ba. Ku bar wa gwani."

"Wa za mu jira ke nan?" in ji Nadine.

Fasto Hobbs ya ce, "Ɗan'uwa Merle, ko za ka fara juya wa mata gabanka?"

Bai ji ba. Ya ajiye baka, da ma kibiya ɗaya ya ɗauko saboda nauyi, ya rarrafa ya cusa kai da kafaɗu cikin rassan. Abin da ya rage a waje kuwa shi ne daidai wurin da wayar ƙaya ta riƙe rabonta. Wata tsohuwa ta rufe ido da farantin takarda, ta huda shi da yatsa.

"Na gan shi!" muryarsa ta fito daga ciki. "Ya sallama! Ga gemun nan a han..."

Ban taɓa jin an daki mutum da fiffike haka ba. Kamar ana kakkaɓe darduma. Rassa na tashi, gashi na tashi, Merle yana kiran uwarsa da ke can wata jihar. Alƙali yana da ƙafa ɗaya mai lafiya, kuma akwai ƙaya a bayanta mai tsawon ɗan yatsa, da ita ya rubuta masa hukunci a goshi. Merle ya fito da baya ya zauna daɓas a cikin kwandon furannin kabari.

Na ce, "Kowa ya yi shiru." Suka yi, har Fasto.

Na ba Nadine sandata, na cire kwat ɗin Virgil, na zagaya ta bayan tarin a hankali. Yana nan kwance a jikin katanga, ulu ya naɗe masa fiffike, baki buɗe yana haki, jini ya ɓata masa cinya. Ya dube ni da ido ɗaya. Shekara shida ina jin muryarsa da safe ina shan kofi. Na lulluɓa masa kwat ɗin a kai, ya lafa. Na ce, "Yi haƙuri, tsoho, ba haka ya kamata a yi maka ba." Na sa diddige a wuyansa na danna da duk nauyina, yadda Virgil ya koya mini. Bai daɗe ba.

Eldon ya cire hula ya ɗauko shi ya shimfiɗa a ciyawa. Mutane suka matso suna kallon gemun. Kafin wani ya yi magana, Merle ya miƙe yana share jini.

"Kun gani? Dabarata ta yi aiki! Zaren ne ya kawo mu har inda yake. Wa ya taɓa ganin..."

"Merle."

Lorna ce. Tana tsaye a bakin tebur da Della a kafaɗa, ta zo da kek ɗin tuffa ba ta san komai ba. Ba shi take kallo ba, hannunsa take kallo. Ya bi idonta ya duba. Abin da ya rage na bargon ɗan ƙyalle ne rawaya, ko tukunya ba za ka sauke da shi ba.

"Wannan na Della ne?" ta ce.

"Masoyiya, bari in yi miki bayani. Iska..."

"Ka taɓa ganin Kaka tana buɗe yatsunta da ɗaya hannun in ta gama layi? Ni nake jiƙa mata su a ruwan zafi."

Ya buɗe baki, ya rufe. Ya sake buɗewa. Mutum talatin suka tsaya suna kallon abin da garinmu bai taɓa gani ba, Merle Tackett ya nemi magana ya rasa. Da ƙyar ya ce, a ƙasa-ƙasa, "Zan je birni in sayo wani. Wanda ya fi..."

Lorna ta ce, "Ƙarasa. Wanda ya fi me?"

Bai ƙarasa ba. Ashe akwai sauran hankali.

Na laluba aljihun kwat ɗin, don a gigice na jefa kwarashin a ciki tun a baranda. Na ciro shi da tsummansa na miƙa masa.

"Ungo. Hannuna ya gama nasa. Naka kuwa lafiyarsa lau, bai taɓa yin aikin da zai gajiyar da shi ba. Kwana takwas gare ka."

"Kaka, ni namiji, in yi saƙa?"

"Warwarewa ma ai da namiji ka yi ta."

Ranar ba a gama sharar kaburbura ba. Matan coci suka bi zaren tun daga katanga har akwatin wasiƙa suna naɗewa, Fasto da kansa ya kwance na jikin surukata yana ba ta haƙuri. Kwana biyu muna wanke ulu muna cire ƙarangiya da kaska. Sa'an nan Merle ya ɗauki hutu a wurin aiki ya zauna a barandata, ni a kujera mai lilo da sanda a hannu, shi a kan bokiti, harshe a waje, yana ƙirga ɗaya, biyu, ya ɓata, in ce warware, ai ka ƙware. Duk safiya Eldon sai ya wuce ya danna ham ya tambaye shi ko iska tana damun sa. Ranar Laraba na ga Merle ya tsaya yana murza yatsunsa yana duban nawa. Sai ya tashi ya ɗora mini ruwan zafi.

Naman Alƙali mun ci shi ranar sa albarka, tauri kamar takalmin Merle da ya bari a rafi. Gemun kuwa Eldon ya kafa shi a allon shagon abincin dabbobi, inda ake rubuta sunan maharbi da makaminsa. Ya rubuta: Goggo Opal, diddigen dama.

Bargon ya kammalu ana saura awa biyu a tafi coci. Kusurwa ɗaya rawaya a miƙe take tsaf, wannan tawa ce. Sauran ya tafi yana faɗi yana karkacewa kamar labarin mai shi, akwai ramin da kan kyanwa zai wuce. Aka naɗe Della a ciki, Fasto ya ɗaga ta, ta zura 'yan yatsunta a ramin ubanta ta damƙe, har aka tashi ba ta saki ba.

Merle ya sunkuyo ya raɗa mini, ido duk ruwa, "Kin gani, Kaka? Da gangan na bar mata wurin riƙewa. A gundumar nan kaf babu mai saƙa kamar ni."

Na ce, "Babu kam, ɗan nan. Allah ya sa kada a samu."